Galmi: Daɗi da Wuyar Zaman 'Yan Mishan Sababbin Zuwa

Duk wanda ke cin abinci da sana'ar albasa, daga Kumasi har Abijan, ya san sunan Galmi ko da bai taɓa taka garin ba. Garin yana bisa babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi da Damagaram, kusan kilomita 500 gabas da Yamai, cikin jihar Tawa. In ka baro Birnin Ƙonni, ka wuce mararrabar Tsarnawa, ka wuce Malbaza mai masana'antar siminti, ka wuce Dogarawa, to hancinka ne zai fara gaya maka ka iso. Daga Fabrairu zuwa Afrilu buhunan albasa ne jere hagu da dama, tireloli na jiran lodi, 'yan dako na kai-komo, dillalai kowa da waya a kunne. Fiye da shekara ashirin ke nan, duk lokacin cirar albasa nakan zo in yi sati uku ko wata guda, in haɗa kaya in koma Akra. Da a Agbogbloshie muke saukewa, tun 2021 aka mai da mu Adjen Kotoku.

Abu na biyu da ya sa Galmi ta yi suna shi ne asibitin Mishan, wanda mutanen wurin ke kira likitar Galmi. Ƙungiyar SIM ce ta buɗe shi a 1950 ta hannun wani likita Ba'amurke, Burt Long, da matarsa. Har yau majinyata na zuwa daga Tawa da Madawa, daga Illela da Sakkwato ta ɓangaren Najeriya, har da Buzaye da Fulani daga can arewa. Kusa da asibitin akwai gidajen ma'aikata cikin itatuwa, da filin da ƙaramin jirginsu ke sauka. Nan iyalan 'yan Mishan ke zama, daga Amurka, daga Ostireliya, daga Turai da Asiya, da wasu ƙasashen Afirka. Kusan duk zuwan da na yi sai na tarar da sabuwar fuska, kuma sai na tarar wata da na sani ta tafi.

Ni Musulmi ne, su Kiristoci ne, kuma ba sa ɓoye cewa addininsu ne ya kawo su. Ba wannan muhawarar na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne su ma baƙi ne kamar mu, sun kwaso mata da 'ya'ya sun kawo ƙasar da ba tasu ba. Mu da ke zaune a Nima, ko Zangon Kumasi, ko Birketeri ta Yawunde, mun saba da namu baƙuncin har mun daina ganinsa. In ka kalli na wani sai ka ga naka.

Sanadin saninmu da su wani yaron mota ne da ya faɗo daga saman tirela ƙafarsa ta karye, na zauna jinyarsa kusan kwana ashirin. Likitan da ya duba shi bai fi wata huɗu da zuwa ba. Ya ɗaga hoton ƙafar, ya dubi yaron cikin tausayi, ya ce masa: "Sannu, kashinka ya karye." Ɗakin ya kwashe da dariya, har mai ciwon. Ƙashi yake nufi, harshensa bai kai ga ƙ ba tukuna. Da aka fahimtar da shi, fuskarsa ta yi ja har kunne, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta. Bayan la'asar ya same ni a gindin itace ya ce, "Alhaji, don Allah ka sake faɗa mini, sannu sannu." Muka yi ta ƙ da k har aka kira magariba.

Wannan ita ce wahalar farko, kuma ita ce babba. Yawancinsu harshe biyu suke koyo a jere. Sai sun yi kamar shekara guda suna koyon Faransanci kafin su iso, saboda takardun hukuma da na asibiti. Da sun sauka sai su tarar mai ciwo Hausa yake ji, a sake sabon lale. Mutum ɗan shekara arba'in, wanda ake tashi tsaye a gaishe shi a ƙasarsu, ya koma kamar yaron goye. A kasuwa mai tumatir ta ce "ashirin", ya miƙa tamma ashirin, bai san dala ake ƙirgawa ba, ɗari take nufi. Magabatansu sun sha wannan wuyar da gaske. A 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Bargery, wanda babban ƙamusunsa ya fito a 1934, da aikin Mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa. Mu kuwa zango ya rufa mana asiri. Mutum na iya yin shekara talatin a Kumasi da Hausa kawai. Daɗi ne, amma shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su iya kare kansu a gaban ma'aikacin hukuma ba.

Bayan harshe sai jiki. A Afrilu da Mayu zafin Galmi na wuce maki 40, kuma dare ba ya kawo sauƙi sosai. Na ji wata uwargida na ba da labarin yadda take jiƙa zanen gado da ruwa ta lulluɓe yara kafin barci ya ɗauke su, musamman in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya. Da hunturu ƙura ce, a share ɗaki da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Da damina sauro ne, kullum cikin gidan sauro da shan maganin rigakafi. Ruwa sai an tace, ganyen salak sai an jiƙa a magani, duk da haka shekarar farko ba ta wucewa ba tare da ciki ya karɓi baƙunci ba. Wannan tsoron yana da asali. Mutum uku da suka kafa SIM sun sauka Legas a ƙarshen 1893, kafin shekara ta zagayo biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu da cuta, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Yanzu akwai magani, amma uwar da ɗanta ke rawar ɗari tsakar dare, iyayenta na nisan kwana biyu a jirgi, ba ta tuna wannan.

Na lura nauyin ya fi sauka kan wanda ke zaman gida, kuma sau da yawa matar ce. Mai aiki a asibiti ya fita da safe, yana da abin yi, ana kiransa Likita, ana gode masa. Ita kuwa ta baro ƙasar da komai ke zuwa a shirye cikin leda, ta zo inda kaza da ranta ake sayenta, gari sai an tankaɗe, burodi da madarar yara ita za ta haɗa. Ta koyi ɗaura zane da ɗankwali cikin wannan zafin don kada ta ba mutanen gari kunya. In ta fita, yara na binta suna "Anasara, kado!" Tana son yin ƙawa, amma Hausarta ta tsaya a "ina kwana, ina gajiya". Wani dattijo da ya daɗe yana dafa musu abinci ya taɓa ce mini, shi daga kallon madam yake gane iyalin da za su daɗe. In ya ga ta fara shiga gidajen suna da gaisuwar mutuwa, to sun zauna. In wata shida ya wuce tana bayan labule, to ya san akwatuna ba su yi nisa ba.

Akwai kuma sallamar bakin ƙofa. Ɗan Mishan a ƙasarsu ba mai kuɗi ba ne, amma a Galmi yana da firji, yana da mota ko babur, 'ya'yansa na cin ƙwai kullum. Saboda haka duk wanda hatsinsa ya ƙare, ko ake bin sa kuɗin magani, ƙofarsa yake nufa. In ya bayar, gobe mutum goma ne. In ya hana, ya kwana da abin a ransa, ga shi wa'azinsa na tausayi ne. Likitan nan ya tambaye ni yadda muke yi. Na ce masa duk ɗan kasuwar da ya koma gida da Salla ya san wannan ciwon, kuma mu abin da muke yi shi ne mu ware abin da za mu iya tun kafin mu iso, mu bi ta hannun dattijon da ya san gaskiyar kowa. Na kuma ce masa kada ya ce "babu" a tsaye. Ya shimfiɗa tabarma, ya ba da ruwa, ya saurara, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A cikin asibitin ma akwai abin da makarantarsu ba ta shirya su a kai ba. Mutanenmu ba sa zuwa da wuri, sai an gwada na gida, an jira kuɗin mota, sa'an nan a kawo mai ciwo a kan amalanke. Bayan damina yara ne da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, da waɗanda taifot ta huda musu hanji. Likitan da a ƙasarsu zai daɗe bai ga mutuwar yaro ba, nan zai iya gani fiye da sau ɗaya a mako. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne uban yaron zai zo ya riƙe hannunsu ya ce, "Likita, ka yi haƙuri, kwana ne ya ƙare." Da farko wasu kan ɗauka rashin damuwa ne. Sai sun daɗe suke gane cewa mutumin ya danne nasa ne don ya lallashe su.

Zaman cikin shinge shi ma da nasa. Wanda kuka yi saɓani da shi a ɗakin tiyata da safe, shi ne maƙwabcinka, shi za ka gani a coci ranar Lahadi, 'ya'yanku tare suke wasa. Ga shi ba ƙasa ɗaya suka fito ba, abin da Ba'amurke ke ɗauka faɗin gaskiya, wani raini yake ɗaukarsa. Duk wanda ya zauna gidan haya a zango ya san wannan. Ta fannin kuɗi kuma, ba albashi asibiti ke biyansu ba. Coci-coci da abokai ne a ƙasarsu ke haɗa musu abin da za su rayu da shi duk wata, su kuma suna aika musu labarin aiki, bayan 'yan shekaru su koma su zagaya su ba da bayani. Kamar yaron da ke juya jarin iyayen gida hamsin ne, ko ɗaya ya janye sai an ji a tukunya.

To ina daɗin? Akwai shi, kuma su da bakinsu suke faɗa. Na farko, aikinsu a fili yake. Matar da naƙuda ta yi wa tsawo aka yi mata aiki ta tashi da ɗanta, bayan shekara ta dawo da zabo ko ƙwaryar albasa ta ce tukuici. Na biyu, mutunci. A nan ba a wuce mutum ba gaisuwa, kuma wanda ya fito daga inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba yana jin wannan har cikin ransa. In yaronsu ya yi ciwo, masu gadi da masu shara sai sun zo dubiya. Na uku, lokaci. Babu cunkoson mota, daga gida zuwa aiki tafiyar minti kaɗan ce a ƙasa, iyali na cin abincin rana tare. Sannu a hankali baki ma yana sabawa: kilishi, tsire, fura da nono, mangwaro a lokacinsa, da cukun Buzaye a madadin nasu. Na ga Baturen da ke ciniki da mai nama har sai da mahaucin ya ce, "Kai, wannan ai ya zama ɗan gari."

Yara su suka fi cin ribar, kuma su suka fi biya. Cikin wata shida ɗan shekara biyar ya fi ubansa Hausa, yana langa, yana harbin ƙadangare da danƙo, ƙafa ba takalmi. Karatun farko a gida ko a ɗan aji cikin shinge ake yi. In sun girma dole a zaɓa: ko a kai yaro makarantar kwana a Yamai, kilomita ɗaruruwa daga uwarsa, ko iyalin duka su tattara su koma. Makarantar da da yawa ke kai 'ya'yansu, Sahel Academy, kogin Kwara ya cinye ta a ambaliyar 2012, ya sake a ta 2020. In an je hutu ƙasar iyaye kuwa, yaron baƙo ne a can, kakanninsa na ce masa "ka dawo gida", shi kuwa gidansa Galmi ne. Wanda ya taɓa kai ɗansa haifaffen Akra ƙauye, ya ga yadda ake masa dariyar Hausarsa, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai maganar tsaro, wadda ta canza zaman ƙwarai. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai. A Oktoban 2016 aka sace Jeffery Woodke, Ba'amurken da ya yi shekaru da yawa a Abalak, cikin wannan jiha ta Tawa, bai samu kansa ba sai Maris na 2023. Yanzu akwai hanyoyin da farar fata ba ya bi sai da rakiyar sojoji. Ni zan iya shiga motar haya in ɓace cikin jama'a, shi ba zai iya ba. Amma yana da abin da ba mu da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasashen Turai jirage suka aiko Yamai suka kwashe mutanensu, mu kuwa albasa ta yi ta ruɓewa a bakin iyaka. Iyayenmu da aka ba wa sati biyu su bar Gana a 1969 ba wanda ya aiko musu jirgi. Sai dai wannan fasfo ɗin ma kaya ne. Mutanen gari sun san ran da abu ya ɓaci Bature na da ƙofar fita, shi ma ya san sun sani. Duk lokacin da aka shiga rikici sai iyali su zauna su yanke: mu tafi don yara, ko mu tsaya don waɗanda suka amince da mu? Wasu sun tafi, wasu sun tsaya, ban ga wanda abin ya zo wa da sauƙi ba.

Su waye ke daɗewa? A iya ganina, wanda ya zo da lissafin zai juya gari cikin shekara biyu shi ke fara gajiya. Mutane za su karɓi magani, su gode masa da zuciya ɗaya, su wuce masallaci. Wanda ke daɗewa shi ne wanda ya yarda a koya masa. Misalin da kowa ya sani a yankin Maraɗi shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, da ya zo da matarsa a 1981 ƙarƙashin SIM. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gona tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa, in an rage rassan aka bar masu ƙarfi sai su zama itace. Da farko kallon mahaukaci aka yi masa. Manoman da kansu suka gwada, suka gyara dabarar, suka yaɗa ta, har ta mai da miliyoyin itatuwa gonakin Nijar. Ya zauna har 1999, a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Abin da ya zo nema yana ƙarƙashin ƙafarsa tun ran da ya sauka, sai da ya yi shekara biyu kafin idonsa ya buɗe.

Ga abin da nake so 'yan'uwana su ɗauka, musamman mai shirin ɗauko iyali daga gida. Waɗannan mutanen, duk da ƙungiya a bayansu, da gida a shirye, da likita a maƙwabta, sukan ware shekarar farko don harshe da sabo, kuma matar ma ana sa ta a lissafi, ana nema mata malami. Mu kuwa mukan ɗauko amarya daga Madawa ko Gwadabawa mu ajiye a ɗaki ɗaya a Nima, mu bi tirela mu yi sati uku, sa'an nan mu yi mamakin ta rame. Kafin ka ɗauko ta, ka san matar da za ta riƙa kai ta kasuwa da asibiti. Ka sa ta koyi gaisuwa da ƙirga kuɗi da Tuwi ko Faransanci, kai ma ka koya. Ka gyara takardun zama nata da na yara tun ba a tambaya ba. Ku yanke maganar makarantar yara, boko da allo, tun suna ƙanana. Ka ajiye kuɗin motar komawa gida na kowa da kowa a inda ba ka taɓawa, domin mu ba a aiko mana jirgi. Kuma ka fita daga zango lokaci-lokaci, ka je jana'izar ɗan ƙasa, ka je sunan ɗansa, don ran da rana ta ɓaci shi zai tsaya maka.

In hanya ta bi da kai Galmi, ka sayi albasarka ta rudu mai busasshen wuya, ita ke jure tafiya. In kuma ka ci karo da wani Bature a kasuwa yana fama da ƙ da ɗ, ka gyara masa a hankali. Allah ya sa mu dace da masaukai na gari, ya mai da kowa gida lafiya.